Fitilar Keken Baba

Babana tela ne, kuma ba ya iya ganin abu tsirara ya ƙyale shi. Duk abin da ya shigo gidanmu ba ya kwana sai an auna shi. Rediyo tana da riga, filas ɗin shayi yana da riga har da hula, rimot ɗin talabijin yana da tasa mai zif a gefe. Akwai ranar da maigidana ya manta wayarsa a ɗakin Baba, da ya koma ɗauka ya tarar an yi mata jaka mai shafi, har an kafa maɓalli. Ya dawo yana ta dariya. Ni ban yi ba, don na san abin tun daga tushe. Ni ce abu na farko da Baba ya fara naɗewa.

Ina ƙarama mahaifiyata ta rasu, ya rage daga ni sai shi. Tsoro ya kama shi kada iska ta taɓa ni. Rigar sanyi kan rigar sanyi yake jibga min in tafi makaranta, ko da rana ta take, ina tafe hannuwa a ware don sun ƙi sauka. Ƙurajen zafi suka feso min a wuya da baya, shi kuwa da ya gan su sai ya ce ai sanyi ne ya shige ni, ya ƙara wata. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Da na girma sai na riƙe sunan da gaske, kuma duk wanda ke benenmu zai shaida ba na wasa da aikin.

Shagonsa yana ƙasan benen da muke zaune, ɗan ɗaki ne da mutum biyu ba sa gifta juna a ciki sai ɗaya ya karkace. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa, tef a wuya, alli a bayan kunne, ƙaramin almakashi a aljihun gaba. Yana da wani hali da ke ba ni haushi har gobe: in kana masa magana alhali maɓallinka na lilo, to ka daina wahalar da bakinka, maɓallin yake saurare. Taka keken ɗinki shekara da shekaru ya cinye masa gwiwoyi, dole ya rufe shago ya dawo da keken kusurwar ɗakinsa, yana yi wa maƙwabta kalmasa da faci don kada hannu ya mutu.

Abin da bai daina ba shi ne zuwa wurin Goggo, yayarsa. Ita kaɗai ta rage masa a 'yan ɗakinsu, tana zaune can ƙetaren layin dogo, a kan tudu, ƙafa ta daina kai ta ko bakin titi. Kullum bayan la'asar sai ya je, kuma ba don komai ba sai don su yi faɗa. Tun ina yarinya suke gardamar wanda ya fasa madubin mahaifiyarsu, har yau ba a yanke hukunci ba. Matakalar bas ta fi ƙarfin gwiwarsa, ga sauyin mota a hanya, ga hawan tudu bayan an sauka. Shi ya sa ya ba da babban keken ɗinkinsa na aikin ado, wanda yake ji da shi, aka yi masa musaya da keken hawa mai batir. Ranar da ya fara hawa ya zagaya layinmu yana ɗaga wa mutane hannu, har da waɗanda ba ya shiri da su.

Matsalar ita ce faɗan nan nasu ba ya ƙarewa kafin rana ta faɗi, idon Baba kuma da magariba ta yi sai ya fara yi masa gardama. Fitilar da ta zo da keken ba ta fi ashana haske ba. Wata rana ya shigo gida da yashi har cikin kunne, gwiwar hannu a kuje, wai wasu marasa tarbiyya sun zuba tulin yashi a inda jiya babu. Na wanke masa ciwon ina masifa. Na ce ko ya riƙa dawowa da sauran rana, ko ya ajiye keken. Ya ce Goggo ba ta tashi barcin rana da wuri, kuma ba a fara magana mai ma'ana da ita sai ta sha kofi na biyu. Zai sa fitila, in ji shi, irin wadda makaho ma zai gode.

Ya kuwa sayo, wata ƙatuwa irin ta babur, da ƙaramar ja ta baya. Bai tambayi kowa ba. Ya buɗe murfin batir, ya ga jar waya da baƙa, ya ga fitila ma tana da ja da baƙa, ya ce ai magana ta ƙare, launi da launi ake haɗawa. Ina kicin na ji wani ɗan ƙara, tas, sai ƙauri. Na fito na same shi riƙe da fitilar yana kallonta, gira ɗaya ta ɗan babbake. Ya ce ta yi haske mai kyau ƙwarai, sai dai ba ta daɗe ba.

Washegari na tasa shi gaba zuwa wurin Dogo mai gyaran kekuna, wanda rumfarsa ke bayan kasuwa. Dogo mutum ne mai saurin fushi da baƙin mai har gwiwar hannu, amma ya san aikinsa. Ya yi mana bayani cewa wutar batirin nan ta juya taya ce, ta ninka abin da fitila ke iya ɗauka wajen sau huɗu, don haka dole a sa wani abu a tsakani ya rage ta. Ya ɗauko wani ɗan akwatin ƙarfe, bai kai tafin hannu ba, bayansa tsaga-tsaga kamar matsefi. Ya ce jar waya ta fito daga batir ta fara bi ta fiyus, kuma fiyus ɗin ya zauna kusa da batir, sannan makunni, sannan akwatin, daga akwatin a raba wa fitilar gaba da ta baya. Ya ce a bar wa waya sarari a wuyan keke don kan ya riƙa juyawa ba tare da ya fizge ta ba. A nan Baba ya farka, ya ce ai kamar hammatar riga ke nan, in ka matse ta mai riga ba zai ɗaga hannu ba. Dogo ya ce haka ne. Daga ƙarshe ya ce akwatin yana ɗaukar zafi in yana aiki, a ɗaure shi inda iska za ta riƙa dukansa. Ni na ji wannan. Baba kuwa a lokacin idonsa na kan aljihun Dogo da ya yage yana reto, har ya fara laluben allura.

Dogo ya ce a bar masa keken ya haɗa. Baba ya ce Allah ya kiyaye, shi da ya haɗa rigunan da ba su ƙirguwa, waya huɗu ce za ta gagare shi? Ya ari ƙarfen dalma, ya biya da ɗinkin aljihu, muka dawo.

Gaskiya aikin ya yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ya auna kowace waya da tef kafin ya yanke, ya bi da su ta ƙarƙashin ƙarfen keken yadda ba za ka gan su ba sai ka durƙusa. Inda wani zai naɗe da salatif ya wuce, Baba sai ya liƙe da dalma, ya naɗe, sannan ya ɗaure da baƙin zare tsaf, tazarar kowane ɗauri daidai da na gabansa. Makunnin ya zauna daidai babban yatsansa. Da ya gama, da rana tsaka, ya kira ni da maigidana cikin siton da ke ƙarƙashin matakala, ya tura keken ciki, ya ja ƙofa. Muna tsaye cikin duhu muna shaƙar ƙura, ya yi gyaran murya, ya danna. Kai, sai ga sito ya koma rana. Muka ga yanar gizo-gizo, muka ga tukunyata da na yi wata da watanni ina zargin maƙwabciya a kanta. Baba kuwa sai gyara tef ɗin wuyansa yake ta yi.

Murnar ba ta yi nisa ba. Ranar farko ya dawo yana cewa fitila ta kawo shi lafiya har wajen gadar layin dogo, daga nan ta ɗauke ɗif, gaba da baya. Ya sauka ya tura keken, can kusa da gida sai ta kama da kanta. Muka shiga sito, aka danna, ta kawo tar. Washegari ma haka, a wajen gadar nan dai. Ya ce gargadar wurin ce ke girgiza waya, ya kwance ɗaurin nan duka ya sake. Ba ta daina ba. Ya sauya hanya ya bi ta bayan asibiti, ta bar shi a bakin katangar asibitin. Ya canja fiyus, ya canja makunni, ya yi wa batir caji har ya ƙoshi. Goggo ta aiko min da saƙo ta waya cewa in daina wahala, ƙanenta tun yana yaro bai taɓa gama abu ya tsaya ba, madubin ma haka ya yi masa.

Na matsa masa ya koma wurin Dogo, ya tafi shi kaɗai da safe. Dogo ya kunna fitilar ya jingine keken a bakin rumfa, ya ci gaba da aikinsa har azahar, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya duba kowane haɗi, ya ce aikin ya fi nasa tsafta. Sannan, da yake bakinsa ba shi da birki, ya ce wataƙila ba fitilar ce ke ɗaukewa ba, idon tsoho ne. Baba ya dawo bai ci abincin rana ba. Maganar ta yi masa ciwo, ni kuma ta shige ni, don abin da nake tsoro ke nan tun farko.

Ranar da ya shigo yana ɗingishi, ya turo keken tun daga gada, gwiwoyin nan sun kumbura suntum, haƙurina ya ƙare. Na ce gobe tare za mu je, zan hau baya in gani da idona. In fitila ta kawo mu gida, na yi shiru har abada. In ta ɗauke, makullin keke ya dawo hannuna, Goggo kuma sai ranar da maigidana ya samu sarari ya kai shi a mota. Duk mun san abin da wannan ke nufi, don maigidana ba ya samun sarari. Baba ya daɗe yana murza gwiwa, sannan ya ce, “Na yarda, Uwata.”

Mazaunin bayan keken yana da matashi, ba sai na faɗa ba, har da gezar ado. Na hau ina salati, ni da rabona da keke tun ina 'yar makaranta. Yaran layi suka samu abin kallo. Babu inda zan riƙe sai ƙarƙashin sirdi, inda wata 'yar jaka shuɗiya take ɗaure, mai laushi, an cusa mata soso an bi ta da ɗinki gida-gida. Na sha ganinta, na ɗauka ta tabarau ce. Na damƙe ta hannu bibbiyu, muka tafi.

Tun daga ƙasan tudu na hango Goggo a taga. Da muka shiga sai ta yi kamar ba ta san da zuwanmu ba, alhali ga kofi biyu a jere, ga kujerarsa an juya ta yadda zai miƙe ƙafa. Ta ce ya makara. Ya ce agogonta ne ya tsufa. Ya ɗiga mata maganin ido tana cewa hannunsa na rawa, ya yanke mata farce tana cewa zai cire mata yatsa, aka ɗauko zancen madubi daga inda aka ajiye shi jiya. Na zauna a gefe ina shan shayi, ba wanda ya tuna da ni. Rabon da in ji Baba yana dariya irin wannan har na manta. Da za mu fito, Goggo ta riƙo gefen mayafina a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

“In kin karɓe keken nan, ki zo ki kwashe ni ni ma. Ba ni da wani abokin faɗa.”

Na ce mata to.

An idar da magariba muka kamo hanya. Baba ya danna makunni, titi ya haske har ina ganin ƙananan duwatsu, jar fitilar baya tana haska min ƙafa. Yana tuƙi a hankali, ya miƙe wuya, na san addu'a yake yi. Ni ma ita nake yi, sai dai ban san wacce nake so a karɓa ba. Muna gangarowa na ji jakar da na riƙe ta yi ɗumi. Na ce a raina hannuna ne. Muka wuce gidan mai, ɗumin ya ƙaru, har na riƙa sauya hannu. Muna hawa gada ta zama ba ta riƙuwa, na sake ta na kama rigar Baba. Ko sauka daga gadar ba mu yi ba, fitila ta ɗauke.

Ya taka birki ya tsaya a gefe. Muka sauka. Bai danna makunnin ya sake gwadawa ba, bai ce gargada ce ba. Ya zare makullin, wanda shi ma yana da 'yar rigarsa, ya kamo hannuna ya sa min a ciki. Motoci na wucewa suna haska fuskarsa, na ga tsufan da ban taɓa lura da shi ba.

Ga makulli a hannuna na dama, na hagu kuma yana min raɗaɗin zafi, sai maganar Dogo ta faɗo min, a ɗaure shi inda iska za ta riƙa dukansa. Wallahi na so in yi shiru. In na yi shiru, na huta da tsayuwa a taga kullum magariba, na huta da faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ina son mutumin nan, kuma ina tsoron ranar da za a kira ni a ce ga shi can a bakin titi. Amma na tuna kofi biyun nan a jere.

Na ce, “Baba, mene ne a cikin jakar nan?”

Ya ce akwatin Dogo ne mana. Ƙarfe ne tsirara, ga ruwan sama, ga ƙura, ga sanyin yamma, ya za a yi ya bar shi haka? Har shafi biyu ya yi masa. Na tambaye shi ko da rigar ya kai wa Dogo keken. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce in dubi hannun Dogo in dubi yadin nan, ai tun a gida ya cire ta ya sa a aljihu, sai da ya dawo ya mayar.

Dariya ta ƙwace min a tsakiyar gada, irin wadda ke zuwa da hawaye, har wani mai tafiya a ƙasa ya tsaya yana kallonmu. Na durƙusa na ɓalle maɓallan, guda uku ne reras, na zare rigar. Akwatin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na maimaita masa abin da Dogo ya faɗa lokacin da shi yake can yana jinyar aljihu: tsagogin bayan nan don iska aka yi su, in zafi ya yi masa yawa sai ya kashe kansa don kada ya ƙone, in ya huce ya dawo. Baba ya ce bai taɓa jin wannan magana ba. Na ce na sani.

Muka tsaya muna jira, ina yi wa akwatin fifita da rigarsa. Bayan ɗan lokaci fitila ta kawo da kanta, ta haska ƙarfen gada da takalman Baba. Ya karɓi 'yar rigar daga hannuna, ya juya ta, ya duba ɗinkin, ya ninke ta a hankali. Makullin dai yana hannuna, kuma yarjejeniya ta ce nawa ne, tunda fitila ta ɗauke. Bai roƙe ni ba.

Ya ce, “Kin tuna malamarku ta aji ɗaya? Ranar da ta cire miki rigunan sanyi ta aiko min da su a leda, na yi mako ina jin haushinta.” Ya sa rigar akwatin a aljihu. “Amma daga ranar ƙurajenki suka baje.”

Na miƙa masa makullin.

Fitilar ta kawo mu har ƙofar gida ba ta ƙifta ba, kuma ba ta sake ɗaukewa ba. Dogo da ya ji labari sai da ya zauna a ƙasa don dariya, sannan ya zo har gida ya ba Baba haƙuri kan maganar ido, ya tafi da sabon aljihu na biyu. Akwatin yana nan ƙarƙashin sirdi tsirara, Baba ba ya son kallon wajen, in zai hau sai ya kau da kai. Ya taɓa kawo shawarar riga ta raga, mai huji-huji, na ce ko zare ɗaya ya taɓa akwatin nan ni da shi ne. Shuɗiyar rigar kuwa tana gidan Goggo, an sa wa kwalbar maganin ido, Goggo na cewa wai kwalbar ma ba ta ce tana so ba.

Har yanzu ina tsayawa a taga in magariba ta yi, gabana kuma bai daina faɗuwa ba. Sai in hango farin hasken nan ya karyo kwanar layinmu a hankali, in yi maza in koma kicin kafin ya ɗago kai ya gan ni.